Yatsuna suna yin fari su sage in na taɓa ruwan sanyi: tambayoyi da amsoshi kan ciwon Reno

Duk shekara da hunturu ya kankama sai tambayoyin nan su yi yawa, yawanci daga mata da 'yan makarantar kwana da masu fita da babur da duku-duku, shi ne muka ga gara a tattara su waje ɗaya a amsa. Karanta wannan ba zai hana ka zuwa asibiti ba in ta kama, amma dai in ka je ka san abun da za ka faɗa wa likita.

Wai menene ma ciwon Reno ɗin nan?

Wani yanayi ne da ƙananan jijiyoyin jini na yatsun hannu da na ƙafa suke tsukewa fiye da ƙima in mutum ya ji sanyi ko hankalinsa ya tashi, sai jini ya kasa kaiwa kan yatsan na ɗan lokaci, yatsan ya koɗe ya yi sanyi ƙalau ya sage, in ɗumi ya dawo jijiyar ta saki jinin ya dawo da zugi. Sunan na wani likitan Faransa ne, Maurice Raynaud, wanda ya yi bayaninsa a 1862, a katin asibiti Raynaud za ka ga an rubuta amma Reno ake faɗa. A duniya ana ƙiyasin mutum 3 zuwa 5 cikin 100 suna da shi, mata sun fi maza, kuma ya fi yawa a ƙasashen sanyi. Yatsu ya fi kamawa, amma yana taɓa kan hanci, kunne, leɓe, har da kan nono.

Na karanta wai yatsa yana yin fari, ya yi shuɗi, sannan ya yi ja. To mu baƙaƙen fata ta ina za mu ga wannan?

Toh a nan gizo ke saƙar. Galibin hotunan da ake nunawa a littattafan likitanci da intanet hannun Turawa ne, shi ya sa mutum zai duba bayan hannunsa ya ga babu wani fari babu wani shuɗi ya ce ai ba shi ba ne. Juya hannun za ka yi. Duba cikin yatsun ta ɓangaren tafi, da ƙarƙashin farce. Abun da za ka gani shi ne kan yatsan ya koɗe ya yi fari-fari ko ruwan toka ko ma ɗan rawaya-rawaya, kuma sau da yawa akwai iyaka a fili, wato daga kan yatsa zuwa gaɓa ta farko ko ta biyu ya koɗe, daga nan zuwa ƙasa kalarsa na nan yanda take. Wannan iyakar ita ce babbar alama, don hannun da kawai ya sha sanyi gaba ɗayansa yake yin sanyi ba ya rabuwa gida biyu haka. Bayan nan farcen kan yi duhu ya koma shuɗi-shuɗi ko toka mai duhu saboda ɗan jinin da ya maƙale a ciki iskarsa ta ƙare, in jini ya dawo kuma jan ba lallai ya fito sosai a fatarmu ba, amma za ka ji shi, zafi da zugi da tsira-tsira da ɗan kumburi.

Ba kowa ke samun kala ukun ba, wasu biyu kawai suke gani. Yakan fara da yatsa ɗaya ko biyu sannan ya bi sauran, kuma abun mamaki yawanci yana ƙyale babban yatsa.

Mata masu ƙunshi, ga taku: lalle a kan yatsu da farce yana rufe komai, ba ke ba likita babu mai ganin canjin kalar. In kina zargin abun nan ki hutar da yatsun daga lalle da jan farce na 'yan makonni har ki samu ki gani da idonki.

Jinina ne ya yi kaɗan kenan? An ce in sha maganin ƙarin jini.

A'a, ba ƙarancin jini ba ne, hanyar ce ta tsuke. Ka ɗauka tiyo ne ana ban ruwa wani ya taka shi, ruwa na nan a tanki amma ba ya fita. Dama haka Allah ya halicci jiki, in sanyi ya bugo sai ya rage jinin da ke zuwa fata da yatsu don ya adana ɗumi a ciki wajen zuciya da huhu da sauransu, kowa jikinsa na yin haka, na mai Reno ne kawai yake wuce gona da iri, ɗan sanyin da wani ba zai ma lura ba shi sai jijiyarsa ta rufe ruf. Mutum zai iya samun ƙarancin jini da Reno a tare, wannan gwaji ne zai nuna, amma shan tonik kwalba bayan kwalba ba ya buɗe jijiyar da ta tsuke.

Mu da muke ƙasar zafi ma muna samu? Na ɗauka ciwon mutanen Turai ne.

Ana samu mana. Ba sai ƙanƙara na zuba ba, saurin canjin ne yake tayar da shi, daga zafi zuwa sanyi. Ki fito daga rana ki shiga banki ko ofis mai esi, ki sa hannu a firiza ki ɗauko nama, ki riƙe gorar zoɓo mai ƙanƙara na minti biyu, ki yi wanke-wanke da ruwan da ya kwana a randa ko a duro a watan Janairu, duk ya isa. Kuma kar a raina hunturunmu, duk wanda ya kwana a Jos ko Gembu ko Agadas a tsakanin Disamba da Janairu ya san asubahin can ba wasa ba ne, ko a Kano da Zariya da Damagaram ma in jaura ta kaɗa da sassafe ɗan acaɓa da ƙyar yake iya matse birki. Akwai kuma 'yan uwanmu da sai da suka je karatu ko aiki Ingila ko Kanada ko Rasha sannan abun ya bayyana, dama yana jikinsu, sanyin da zai fito da shi ne bai samu ba a gida.

Ni kuma ba sanyi, in raina ya ɓaci ko na tsorata ne yatsuna suke yi.

Shi ne dai. Tsoro da fargaba da ɓacin rai suna sa jiki ya saki sinadarai irin su adirenalin, su kuma aikinsu kenan su tsuke jijiyoyin fata. Shi ya sa ɗaliba za ta shiga ɗakin jarabawa ana zafi amma ta kasa riƙe biro don yatsun sun sage.

Abun tsoro ne? Za a iya yanke min yatsa?

Ya danganta da wane iri ne, don iri biyu ne, kuma gaskiya duk shafin nan wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci.

Na farko shi ne wanda yake zuwa shi kaɗai ba wata cuta a bayansa, kuma shi ne mafi yawa, wajen 8 ko 9 cikin 10. Yakan fara da ƙuruciya, tsakanin shekara 15 zuwa 30, yawanci 'yan mata, yana kama hannu biyun kusan daidai wa daida, ya zo ya tafi ba ya barin miki ba ya barin tabo, in an yi gwajin jini a ga komai lafiya lau. Wannan takura ce kawai, ba ya cin yatsa, wasu ma da shekaru suka ja sai ya ragu ko ya bari. Sau da yawa za ka tarar mai shi tana fama da ciwon ɓarin kai ma.

Na biyu shi ne wanda wata cuta ce ta turo shi. Galibi cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin da kanta ne, babbarsu ita ce sikilerodama, ciwon da ke sa fata ta yi tauri ta ɗame, kar a haɗa ta da sikila don ba su da alaƙa. Sama da 9 cikin 10 na masu sikilerodama suna da Reno, kuma sau tari shi ne alamar farko, yana iya riga sauran alamomin da shekaru. Sai lufus, wadda kusan 1 cikin 3 na masu ita suke da shi, ita kuma lufus an san ta fi kama mata baƙaƙen fata fiye da farare don haka ba cutar nesa ba ce gare mu. Akwai kuma amosanin gaɓoɓi mai kumbura gaɓa, da ciwon da ke busar da ido da baki, da raunin tayirod ɗin maƙogwaro. Wannan na biyun shi ne yake iya kawo miki a kan yatsa wanda ba ya warkewa da wuri, in aka yi sake har kan yatsan ya mutu ya yi baƙi.

Abubuwan da za su sa a yi zargin na biyun: ya fara bayan shekara 30 ko 40, ko namiji ne ya fara masa da girma, ko hannu ɗaya kawai yake kamawa, ko babban yatsa ma bai tsira ba, ko zafin ya yi tsanani, ko an ga ɗan miki ko ɗan rami a kan yatsa. Sai kuma in yana tafe da wasu abubuwan, yatsu sun kumbura sun yi suntum zobe ya daina shiga, fatar yatsu ko ta fuska ta ɗame tana sheƙi har baki ba ya buɗuwa sosai, fata ta yi dabbare-dabbaren fari da baƙi a ƙirji ko goshi ko bayan wuya, ƙwannafi kullum, abinci na tsayawa a ƙirji, haki in an ɗan yi tafiya, ciwon gaɓoɓi da safe, zubewar gashi, gyambon baki, ƙuraje a fuska in an shiga rana, zazzaɓin da an sha maganin maleriya an sha na taifot bai tafi ba. Duk mai Reno da ya ga ko da biyu daga cikin nan don Allah kar ya tsaya a kemis.

Yaushe ne ba a jira sai gobe?

In yatsa ya koɗe ko ya yi duhu ka ɗumama shi awa ɗaya awa biyu bai dawo ba ga azabar ciwo. In kan yatsa ya fara baƙi, ko miki ya fara ruwa da wari da zazzaɓi. Sannan wanda ya fi duka, in hannu ko ƙafa gaba ɗaya ta yi sanyi farat ɗaya da ciwo mai tsanani ta kasa motsi, wannan ba Reno ba ne, wataƙila gudan jini ne ya toshe babbar jijiya, kuma 'yan awanni ne tsakanin a ceci ƙafar da a rasa ta. Sashen gaggawa kai tsaye, ko da tsakar dare ne.

Wata ta ce min sanyi ne ya shige ni, in sha maganin infekshan.

Wallahi wannan na cikin abubuwan da ke ba mu takaici. Babu ƙwayar cuta a cikin Reno, don haka ba abun da kafso ko allurar kashe ƙwayoyin cuta za su yi masa, kuma ba shi da haɗi da ciwon sanyin mara ko na al'aura da ake ta tallan maganinsa a mota da lasifika. Sai dai in miki ya fito a yatsa ƙwayoyin cuta suka shiga, nan ne likita zai rubuta irin wannan maganin.

Ana ɗauka? Ana gado?

Ba a ɗauka sam, ku ci a kwano ɗaya ku gaisa ba komai. Gado kam akwai, da yawa in suka bincika sai su ga mama ko yaya ko gwaggo ma haka take. A 2023 masu bincike daga Landan da Balin sun duba bayanan dubban mutane a Birtaniya suka gano wasu ƙwayoyin gado biyu masu alaƙa da shi, ɗaya ana ce mata ADRA2A, ita ce ke da hannu a yanda jijiya ke amsa kiran adirenalin ta tsuke.

In ya taso min me zan yi a lokacin?

Bar wajen sanyin tukuna. Ka cusa hannun a hammata ko tsakanin cinyoyi, ka riƙa motsa yatsun kana murza su a hankali, ko ka miƙe ka riƙa wulwula hannuwan daga kafaɗa da ɗan ƙarfi don jini ya gangara kan yatsu. In akwai ruwan ɗumi ka tsoma, amma mai ɗumi fa, ba mai zafi ba, ka gwada da gwiwar hannu ko ka ba wani ya taɓa maka don yatsan da ya sage ba ya gane zafi. Yawanci cikin minti 15 zuwa 20 da samun ɗumi ya saki.

Sai maganar kasko da kurfoti. Mun san al'ada ce in ana muku-muku a zagaye wuta a miƙa hannu, to mai Reno ya yi hattara, yatsa ba ya ji sai ka kai shi dab da garwashi ba ka sani ba, ana kukan targaɗe sai ga karaya, ga ƙuna a wajen da dama jini ba ya isarsa sosai balle ya warke da wuri. Kuma don girman Allah kar a shiga da gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta, iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da kala kuma tana kashe mutane a cikin barci.

Alwalar asuba ce babbar matsalata, ya zan yi?

Ɗumama ruwa, shikenan. Tun da dare a tafasa a zuba a filas, da asuba a sirka a buta, ba sai an hura wuta ba. A yi alwalar a cikin ɗaki ko wajen da iska ba ta bugawa, ana gamawa a goge hannu da ƙafa da tawul a sa safa nan take, don jiƙaƙƙen hannu in iskar hunturu ta buge shi ya fi ruwan kansa tayar da ciwon. Ga ɗaliban kwana, iyaye su saya musu ɗan filas, ya fi musu wani tarkacen amfani. Wanda kuma yake da miki a yatsu har likita ya ce kar ruwa ya taɓa, ya samu malaminsa ya yi masa bayanin hukuncin taimama da shafa a kan bandeji, addini ya yi sauƙi a wannan babin.

Safar hannu kawai zan riƙa sawa kenan?

Ita kaɗai ba ta isa ba, kuma nan mutane da yawa ke kuskure. In ƙirjinka da bayanka da kanka suna jin sanyi jiki zai janye jini daga yatsu ko da safa uku ka sa. Don haka duk jikin za a rufe, singileti, riga, suwaita, hular sanyi, mayafi mai kauri, kaya biyu uku marasa nauyi sun fi guda ɗaya mai kauri. Ka sa safar hannun tun kana ɗaki hannun na da ɗumi, ba sai ka fita ya riga ya sage ba. Takalmi da safa kar su matse, zobe da agogo da awarwaro ma haka.

Masu sana'ar sanyi su ne abun tausayi, mai sayar da ƙanƙara da fiya wata, mai kifin firiza, mai kunun aya da fura da yogot, mai wankin mota, mai wanki da guga. Ba za a ce su bar neman abinci ba, amma a samu safar roba mai kauri a sa ta yadi a ciki, a riƙa ɗauko kaya daga firiza da tsumma ko ludayi ko a sa yaro ya ɗauko. Ɗan acaɓa ya nemi safar da iska ba ta ratsawa. Ma'aikaciyar ofis ta matsar da kujerarta daga saitin esi ta ajiye ɗan mayafi a durowa. A riƙa shafa man kaɗanya ko basilin don kar fata ta tsage, kuma motsa jiki yana taimakawa sosai, ko tafiyar ƙafa ce.

Akwai kuma masu aiki da injin da ke girgiza hannu, injin fasa kwalta da dutse, injin yankan katako, injin gurza ƙarfe na masu walda. Shekara da shekaru ana riƙe su yana lalata jijiyoyin yatsu har ya haifar da irin wannan farin yatsan, kuma in ya yi nisa ba ya komawa daidai, don haka duk wanda ya fara gani ya rage awannin da yake riƙe injin tun da wuri.

Gaskiya ne sigari da goro suna ƙara shi? Akwai magungunan da ke tayar da shi?

Sigari kam ba tantama, nikotin yana tsuke jijiya, shisha da taba gari ma duk kanwar ja ce, kuma mai Reno na biyun nan da ke shan sigari shi ya fi kowa kusa da miki. Goro da kofi da shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari suna da sinadarin kafeyin, wasu yana tayar musu wasu ko a jikinsu, kai za ka gwada ka bari na sati biyu ka ga ko da bambanci.

Magunguna kuma akwai su, zan rubuta sunayen yanda suke a jikin kwali. Na hawan jini da bugun zuciya irin propranolol da atenolol. Na ciwon ɓarin kai irin ergotamine da sumatriptan. Na mura masu buɗe hanci da ke ɗauke da pseudoephedrine, waɗannan su ne ake saye a kemis ba tare da an duba ba kuma lokacin mura shi ne lokacin sanyi. Sai wasu magungunan ciwon daji irin bleomycin da cisplatin. Amma fa kar wani ya karanta nan ya je ya jefar da maganin hawan jininsa, dakatar da irin su atenolol farat ɗaya yana da hatsari ga zuciya, ka koma wajen wanda ya rubuta maka ya canza maka wani.

Akwai maganin asibiti? Yana warkewa gaba ɗaya?

Maganin da zai tumɓuke shi babu, amma akwai masu rage yawan tasowarsa da tsananinsa, kuma mafi yawan masu na farkon nan ba sa ma buƙatar ƙwaya, ɗumi ya ishe su. In abun ya hana sakat likita yakan fara da nifedipine mai aiki a hankali ko amlodipine, e waɗannan dai na hawan jinin da kuka sani, suna buɗe jijiya ne, kuma suna iya kawo ciwon kai da jiri da kumburin ƙafa da jin zafi a fuska, musamman ga 'yan mata da dama jininsu ba ya hawa, shi ya sa ake farawa da kaɗan. Wasu a lokacin hunturu kawai suke sha. In bai yi ba akwai sildenafil, wanda aka fi sani da maganin maza, kar mace ta ga an rubuta mata ta ɗauka likita ya ruɗe, aikinsa buɗe jijiya ne, sai dai ba a haɗa shi da magungunan ciwon ƙirji na zuciya masu naitiret don jini na iya faɗuwa warwas. Akwai losartan da fluoxetine da ake gwadawa, ga masu miki kuma akwai iloprost da ake sawa ta ƙarin ruwa, da bosentan don hana sabon miki ga masu sikilerodama, can ƙarshe kuma tiyata. Mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa tun kafin a rubuta, losartan da bosentan ba a shan su da ciki.

Na gargajiya fa? Citta, tafarnuwa, ko a yi tsaga a fitar da mataccen jini?

Shayin citta da kanumfari da safe ba laifi, abu mai zafi ne zai ɗumama ka kuma riƙe kofin ma na ɗumama yatsu, amma a sha shi a matsayin shayi. Tsaga da ƙaho a yatsu ko bayan hannu kuwa a'a, babu wani mataccen jini a wajen, jini ne ma bai isa ba, ka yanka wajen da jini ba ya kaiwa ka jawo gyambon da zai yi wata da watanni. Masu cewa jifa ne ko shafar iska, addu'a dai ba a hana kowa ba, a yi ta, amma a haɗa da gwajin jini.

Ina shayarwa, bayan yaro ya saki nono sai kan nonon ya yi fari ya riƙa zugi kamar zan yi kuka. Shi ne?

Zai iya zama shi, Maman jariri, kuma ana yawan ɗaukarsa a matsayin fangas a yi ta shafa magani ba sauƙi. Alamar ita ce ciwon ya fi tsanani bayan ya saki iska ta bugi wajen, ko bayan wanka, kan nonon ya koɗe sannan ya yi duhu. Ki fara da gyara kamun nonon, don in jariri kan kawai yake kamawa yana matse shi ya jawo haka, ki sa unguwarzoma ko nas ta duba miki yanda yake kamawa. Yana saki ki rufe da tafin hannu ko tsumma mai ɗumi, kar ki bari ya sha iska. In bai lafa ba likita na iya ba ki nifedipine, ana ba masu shayarwa. Ba dalilin yaye ba ne.

Ƙafafuna kullum a sage suke, ba sai da sanyi ba. Reno ne?

Da wuya. Reno zuwa yake ya tafi, kuma da canjin kala. Sagewar da ba ta tafiya, da jin zafi-zafi a tafin ƙafa da dare, ciwon suga ake fara nema, sai ƙarancin bitamin B12, wani lokacin kuma maganin tarin fuka ne. Ciwon sha-raɓa in an yi tafiya wanda ke lafawa in an tsaya, musamman ga dattijo mai suga ko mai shan sigari, toshewar manyan jijiyoyi ce. Sagewar babban yatsa da manuniya da na tsakiya da ke tashin mutum daga barci, jijiyar laka ce ta matse a wuyan hannu. In kuma akwai wani tabo a fata da ya fi sauran jiki haske kuma ba a jin taɓi a kansa, a je a duba kuturta, har yanzu tana nan, tana warkewa, kuma maganinta kyauta ne. Jaririn da hannu da ƙafarsa suka kumbura suka yi zafi yana ta tsala kuka, wannan gwajin sikila za a yi masa.

In na je asibiti me za su yi min, kuma wa zan nema?

Matsalar ita ce ranar da ka je yatsun lafiyarsu ƙalau, don haka kafin ka je ka ɗauki hoto da waya lokacin da abun ya taso, ta ɓangaren tafi da kuma farce, a waje mai haske, in da hali a sa hannun wani a gefe don a ga bambanci. Ka tafi da duk magungunan da kake sha har na mura da na gargajiya, ka tuna shekarar da ya fara da yatsun da yake kamawa.

Likita zai duba bugun jini a hannu da ƙafa, ya duba fata da gaɓoɓi, ya auna hawan jini. Gwajin da aka fi yi su ne na yawan jini, da ESR mai nuna kumburin cikin jiki, da ANA mai nuna ko garkuwar jiki ta juya, wani lokacin da na tayirod da na suga da na ƙoda. Akwai kuma duba gindin farce, a ɗiga mai a wajen a haska da madubin ƙara girma a ga ƙananan jijiyoyin, in sun kumbura ko sun ɓace to ana zargin sikilerodama ko 'yan uwanta. ANA ɗin in ya nuna e ba yana nufin an gama magana ba, akwai masu lafiya da yawa da yake nuna musu haka, sai an haɗa da sauran alamomi. Wani abu kuma, ɗan na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini tana ba da lamba ta ƙarya in yatsan ya yi sanyi, ka gaya wa nas kana da Reno a ɗumama hannun tukuna kafin hankalin kowa ya tashi.

Likitan asibitin kusa da kai ya isa ya fara. In ya ga alamar na biyun ka roƙe shi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika ko na Jos ko Maiduguri ko Sakkwato, mutanen Nijar kuma babban asibitin Yamai ko na Damagaram, a ce maka sashen likitocin gaɓoɓi da garkuwar jiki, wato rumatoloji. Likitocin wannan fannin ba su da yawa, layi na iya yin tsawo, don haka a karɓi ranar ganin likita tun kafin sanyi ya shigo, kuma ko an ce maka naka mai sauƙin ne, in daga baya wata sabuwar alama ta fito cikin waɗanda muka lissafa a sama ka koma a sake dubawa.